Damin Ƙarshe na Tungar Dinya

"Ga ta nan, ga ta nan ku, masu kunnen ji!"

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

"To, ku gyara zama. In kun ji waƙa ta zo, ku amsa mini da 'Dawo gida.'"

A can da, akwai wani ɗan ƙauye ana ce masa Tungar Dinya. Gida goma sha biyu ne kacal. Rijiya ɗaya, maƙera ɗaya, itacen dinya ɗaya a tsakiyar gari. Ba su da sana'a sai noma. Da sassafe maza su saɓi fartanya, mata su hau daka. Da hantsi a kai fura gona. Da la'asar tsofaffi su zauna gindin dinya suna tufkar igiya, suna gardamar gonar wa ta fi kyau.

Kakanninsu daga arewa suka taso, shekarar da rijiyarsu ta ƙafe. Wata mata mai suna Ayashe ce a gaba, da zangarniyar gero bakwai ƙulle a zaninta. Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, har suka ga wata baƙar tsuntsuwa mai farin ƙirji tana kai kara kan dinya. Shamuwa ce.

Ayashe ta ce, "Baiwar Allah, in mun zauna nan za mu ci?"

Shamuwa ta ce, "Za ku ci, in kun iya jira. Ƙasar nan tana da ruwan ƙarya. Ya sauko ya yi ƙamshi, ku shuka, ya ɗauke ya bar ku. Kada ku shuka sai kun gan ni a kan itacen nan. Ranar da na sauka, ku shuka ko da ƙasa a bushe take, don ruwan gaskiya ba ya wuce kwana uku a bayana. Ni kuwa abu ɗaya nake so. Kada hannu ya taɓa sheƙata."

Ayashe ta ce, "Mun ji, mun yarda."

Tun daga nan suka yi al'ada. Duk kaka, kowane gida zai zaɓo zangarniyar da ta fi ƙwari. A ɗaura dami, a barbaɗe shi da toka don ƙwari, a sa a rumbu ɗaya, a liƙe bakinsa da laka. Mai riƙon rumbun ana ce mata Uwar Iri, kuma ba ta fita daga jinin Ayashe. Ko Sarkin Noma bai isa ya fasa lakar nan ba sai da hannunta.

A zamanin da nake ba ku labari, Uwar Iri ita ce Iya Marka. Mijinta ya rasu. 'Yarta ɗaya ce, Ladingo. Iya Marka mace ce mai bin ƙa'ida, ba ta taɓa fasa laka kafin lokaci ba.

Amma Iya Marka tana da abin da ta ɓoye.

A daminar bara, yunwa ta shiga gari. Abinci ya ƙare, sabo bai nuna ba. Ana cin tafasa, ana cin yaɗiya, ana cin dusa. A cikin haka Ladingo ta haihu, ta sami 'ya mace. Nono ya ƙafe. Jaririya ta yi kuka har muryarta ta dishe, uwar kuma ba ta iya ɗaga kai. Ran nan da tsakar rana, kowa yana gona, Iya Marka ta jingina tsani a jikin dinya. Ta hau. Ta sa hannu a sheƙa. Ƙwai uku ta tarar, ƙwai uku ta kwashe. Ta dafa, ta ce wa Ladingo na zabi ne. Ladingo ta ci, ta tashi, nono ya kawo.

Da Shamuwa ta dawo ta leƙa sheƙa, ba ta yi kuka ba. Ta dubi gidan Iya Marka sau ɗaya, ta tashi ta yi kudu. Mutane suka ce, "Bana baƙuwa ta yi saurin tafiya." Iya Marka ta yi shiru. Shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri. Da kaka ta yi, duk garin dami uku aka samu na iri. Uku rak. In sun salwanta, Tungar Dinya ta tashi.

To, bazara ta zo. Zafi ya yi zafi. Kullum da safe Iya Marka sai ta fito da buta kamar za ta rijiya, ta ɗaga kai ta dubi dinya. Ba kowa. Sai ta rera a hankali, don kada a ji:

Shamuwa, baƙuwar damina,
"Dawo gida!"
Gabas ta yi fari, rumbu ya yi sauƙi,
"Dawo gida!"
Wanda ya sani ya sani, Shamuwa,
"Dawo gida!"

A bayan gari akwai Kurege. Shi ma yunwar ta taɓa shi, har haƙarƙarinsa sun fito. Ya zagaya rumbun iri ya ga laka ta yi tauri kamar dutse. Ya zauna kan shuri ya ce, "Abin da ke cikin rumbu na Iya Marka ne. Abin da ya shiga ƙasa ruwa bai bi shi ba, nawa ne."

Ran nan sai ga ɗan hadari. Aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Kurege ya sheƙa a guje wurin Sarkin Noma, wani dogon mutum mai saurin fushi ana ce masa Jatau.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, zaune kake? Yanzu na fito daga ƙauyukan gabas. Kowa ya yi shuka. Har sun fara tambaya wai Sarkin Noman Tungar Dinya ciwon baya yake yi?"

Jatau ya miƙe. Ya tara maza suka nufi gidan Iya Marka da sungumi a kafaɗa.

Ya ce, "Iya, a fasa laka."

Ta ce, "Sarkin Noma, baƙuwa ba ta sauka ba."

Ta durƙusa ta tona ƙasa a gabansu. Danshi bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba. Ta nuna masa yatsan.

Jatau ya ce, "Na gani. Amma yau kwana nawa da wucewar lokacinta? In ba za ta zo ba fa? Ke ce Uwar Iri. Faɗa mana, me ya hana ta zuwa?"

Kowa ya zuba mata ido. Maganar ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye. Ta ce, "Allah ne masani." Kuma don kada ya sake tambaya, ta ɗauki dutse ta fasa laka. Ta ce, "Dami ɗaya. Ko za ku yanka ni, ɗaya."

Aka sussuke, aka shuka. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, sama wayam. Wanda ya tsiro rana ta ƙone shi. Wanda bai tsiro ba, Kurege ya bi rami rami ya tone. Cikinsa ya yi tim.

Saura dami biyu.

Iya Marka ta kwaɓa sabuwar laka ta liƙe. Ta daina cin ko ɗan abin da ake samu. Ladingo ta ce, "Inna, me ke damun ki? Kullum idonki na kan itace." Ta ce, "Wuyana ne ke ciwo, ina miƙe shi."

Da abincin Kurege ya ƙare, sai ya tafi wurin Balbela. Ya same ta tana tsaye da ƙafa ɗaya a busasshen tafki.

Ya ce, "Ƙawata, kin rame."

Ta ce, "Kai kuwa ka yi ƙiba. Ina ka samu?"

Ya ce, "Bar wannan. Kina son fara kwando guda?"

Ta ce, "Wa zan kashe?"

Ya ce, "Ba kisa. Zama kawai za ki yi a kan itace, ki yi shiru."

Ya je bayan gidaje ya kankaro baƙin tukunya, ya kwaɓa da ɗan man da ya sato. Ya shafe ta, kai, wuya, baya, fukafukai. Ya bar ƙirji fari.

Balbela ta ce, "Yana wari."

Ya ce, "Sarauta ba ta rasa wari. Tashi."

Da hantsi sai aka ji guɗa. Tabawa, matar Jatau, ita ta fara gani. "Ayyururui! Baƙuwa ta sauka! Baƙuwa ta sauka!" Gari ya fito, yara na tsalle. Iya Marka ta fito da gudu har ɗankwalinta ya faɗi.

Ta duba. Ta ga tsuntsuwar ta yi ƙanƙanta. Ta ga ba ta nufi tsohuwar sheƙa ba. Ta ga ba kara a bakinta. Duk ta gani, yara, duk ta gani. Amma zuciyarta ta ce mata, "Ta yafe miki, Marka, ta dawo." Wanda ya daɗe da ƙishi ba ya duba launin ruwa. Hawaye suka zubo mata. Ta fasa laka da hannunta.

Jatau ya ce, "Duka biyu, Iya. Al'ada ta ce in ta sauka a shuka."

Ta kai hannu kan na biyun, sai ta tsaya. Ta ce, "Ɗaya yau. Ɗaya in na ji ruwa a kaina."

Jatau ya yi tsaki, amma ya ɗauki ɗaya. Aka binne iri a busasshiyar ƙasa, ana waƙa.

Kwana ɗaya, ba ruwa. Kwana biyu, ba ruwa. Rana ta uku da azahar sai ga wani guntun yayyafi, wanda bai isa ya jiƙa zani ba. Mutane suka taru gindin dinya suna jira ya ƙaru. Sai Tabawa ta ji ɗigo a goshi. Ta shafa, ta ga baƙi. Ta ɗaga kai. Baƙin ruwa ne ke zuba daga jikin baƙuwa. Wuya ya yi fari. Baya ya yi fari.

Tabawa ta ce, "La ila! Balbela ce!"

Balbela ta ce, "Ni dai zama aka ce in yi! Ku tambayi Kurege! Ko fara ɗaya bai ba ni ba!" Ta tashi fir, tana ɗiga.

Aka ruga gona. Kowane rami a tone.

Saura dami ɗaya.

Ranar ba a ji daka a ko'ina ba. Wani gida har sun fara ɗaure tukwane, wai za su bi dangi. Iya Marka ta zauna ta jingina da rumbu. Ta ce a ranta, "Ni na kore ta. Ni zan nemo ta."

Washegari da safe ta liƙe rumbu da laka ninki biyu. Ta ce wa Ladingo, "Zan je kudu. Kada ki bari a taɓa." Ladingo ta ce, "Inna, kudu ina? Da wace ƙafa?" Ta ce, "Da wadda ta hau." Ladingo ba ta gane ba. Iya Marka ta ɗauki sanda da goran ruwa ta kama hanya.

Ta yi tafiya, ta iso wani shuri. Ta ce, "Gara, kin ga Shamuwa?"

Gara ta ce daga ciki, "Ni da ba na fita rana? Amma 'ya'yana masu fukafukai ba su motsa ba, ruwa da saura. Tambayi Kwaɗo."

Ta yi tafiya, ta iso busasshen rafi. Ta buga sanda kan laka. Ta ce, "Kwaɗo, ka ga Shamuwa?"

Kwaɗo ya ce daga ƙasa, "Wa ke neman mai cin dangina? Ban gan ta ba, kuma ba na marmari. Amma bayana ya fara ƙaiƙayi, ruwa ya kusa. Tambayi Gawo."

In ruwan gaskiya ya zo Shamuwa ba ta gida, wa zai san shi ne? Iya Marka ta ƙara sauri, ƙafarta na jini. Ta iso wani babban gawo a bakin fadama. Ganyensa ya fara zuba.

Ta ce, "Gawo, ka ga Shamuwa?"

Gawo ya ce, "Ɗaga kanki."

Ta ɗaga. Ga Shamuwa a reshen sama, ta juya mata baya. Iya Marka ta durƙusa ta rera:

Shamuwa, baƙuwar damina,
"Dawo gida!"
Dami biyu sun tafi, saura ɗaya,
"Dawo gida!"
Wanda ya sani ya zo, Shamuwa,
"Dawo gida!"

Shamuwa ba ta juyo ba. Ta ce, "Jikar Ayashe, da tsani kika zo?"

Iya Marka ta ce, "Da baki na zo."

"Ƙwai nawa ne?"

"Uku."

"Ko ɗaya ba ki bar mini ba."

"Ban bari ba. 'Yata ce za ta mutu, da jikata. Idona ya rufe."

Shamuwa ta ce, "Sun rayu?"

"Sun rayu. Yarinyar har ta fara tsayuwa."

Sai Shamuwa ta juyo. Ta ce, "Nawa da yanzu sun iya tashi. Da kin tambaye ni, ban san abin da zan ce ba. Amma ba ki tambaya ba. Kuma wannan bai yi mini ciwo ba kamar shirun da kika yi. Garinku na cewa na guje su. Ni ce mai karya alkawari a bakinsu, ke kuwa Uwar Iri."

Iya Marka ta ce, "Me zan yi?"

"Koma. Tsaya gindin dinya, gaban kowa, ki faɗi abin da hannunki ya yi."

"In na faɗa za ki zo?"

"Iska za ta kawo mini maganar. Sai in duba zuciyata."

"Yaushe?"

Shamuwa ta sake juya baya. Iya Marka ta ɗauki sandarta ta juya, ba alkawari a hannunta ko ɗaya.

A can gida kuwa, Kurege bai kwanta ba. Ya san ba mai sauraronsa yanzu. Sai ya shafa ƙasa a kai, ya zo bayan zanar gidan Tabawa yana kuka.

Tabawa ta ɗauki taɓarya. "Ɗan nema! Har kana da idon zuwa?"

Ya ce, "Buge ni, uwar ɗakina, na cancanta. Na tuba. Amma ki ji magana ɗaya. Sau biyu kun ciyar da ƙasa, me ta ba ku? Ga 'ya'yanki nan kwance kamar tsumma. Tsohuwa ta gudu, Shamuwa ta mutu. Dami ɗaya kunu ne na kwana biyu. Ku sha ku sami ƙarfin barin garin nan."

Tabawa ta dubi 'ya'yanta. Taɓaryar ta sauka a hankali. Ciki mai yunwa ba ya tambayar wa ya kawo shawara.

Da Iya Marka ta shigo gari da la'asar, sai ta ga an ɗage jinkar rumbu. Ba su fasa laka ba, don al'ada ta hana, ta sama suka bi. An fito da damin ƙarshe gindin dinya. An jera turame uku. Ladingo na tsaye da goyo, tana kuka, an riƙe ta.

Iya Marka ta ratsa mutane ta zauna a kan damin.

Jatau ya ce, "Iya, tashi. Ba mu son mu taɓa ki."

Ta ce, "Sarkin Noma, ka tambaye ni me ya hana baƙuwa zuwa, na ce Allah ne masani. Allah masani ne, amma ni ma na sani." Ta ci gaba da cewa, "Bara, da tsakar rana, kuna gona, na sa tsani na kwashe mata ƙwai uku. Na je kudu na same ta da ranta. Ba ita ta karya alkawari ba. Ni ce. Dami biyun nan da suka salwanta, shiruna ne ya cinye su, Kurege baki kawai ya sa."

Nan take wuri ya ɓarke.

"Ke? Uwar Iri?"

"Ashe ɓarauniya muke ba ajiya!"

Tabawa ta ce, "Kin bar mu muna zagin tsuntsuwa, kina kallon mu!"

Ladingo ta fizge hannunta ta matso. Ta ce, "Inna, ƙwan zabin nan?"

Iya Marka ta sunkuyar da kai.

Ladingo ta kwance goyonta ta ɗaga yarinyar sama. Ta ce, "Jama'a, ga ƙwan nan uku, sun yi haƙori biyu. Wanda zai ja Inna daga kan damin nan, ya fara da mu." Ta zauna kusa da uwarta.

Jatau ya dubi Iya Marka. Ya ce, "Ta ce za ta zo?"

Iya Marka ta ce, "Ba ta ce ba. Ba zan sake yi muku ƙarya ba."

Ya ce, "Kwana uku. Rana ta uku in inuwar dinya ta taɓa bakin rijiya, turmi zai yi magana."

Rana ta farko, sama fari fat. Iya Marka na kan dami. Ba wanda ya gaishe ta.

Rana ta biyu, ko ganye ba ya motsi. Ɗan Tabawa ƙarami ya suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Tabawa ta wuce ta gaban Iya Marka ba ta ce komai ba, kuma wannan ya fi zagi zafi. Iya Marka ta ce a ranta, "In ba ta zo ba, na hana yaran nan kunun ƙarshe a banza."

Rana ta uku, mutane suka taru tun azahar. Kowa idonsa na kan inuwa. Inuwa ta yi tafiya. Saura taku uku ta kai rijiya. Saura biyu. Mata suka ɗauki taɓare. Iya Marka ta buɗe busasshen bakinta, wannan karon da ƙarfi, kowa na ji:

Shamuwa, baƙuwar damina,
"Dawo gida!"
Na faɗa da baki a gaban gari,
"Dawo gida!"
Abin da na sani kowa ya sani, Shamuwa,
"Dawo gida!"

Saura taku ɗaya. Sai wata inuwa ta gilma a kansu. Baƙar tsuntsuwa mai farin ƙirji ta sauka kan dinya, da kara a baki.

Ba wanda ya yi guɗa. Wani ya ce, "Kurege ya sake shafo wata!" Samari suka sunkuya suna tsintar duwatsu. Iya Marka ta yi ihu, "Kada ku jefa! Don Allah kada ku jefa!" Ta san in dutse ɗaya ya tashi, an gama.

Shamuwa ta ajiye karanta a tsohuwar sheƙa. Ta sauko bakin rijiya, gaban masu duwatsu. Ta ce, "Wanda ya ga baƙin tukunya sau ɗaya, ban ga laifinsa ba. Ku wanke ni."

Tabawa ta ja guga da kanta. Ta kwara mata. Baƙi na nan. Ta sake kwarawa. Baƙi na nan. Ta kwara na uku, har ta sa hannu ta cuɗa fiffike. Ta dubi tafinta, ba komai. Ta saki guga ta rangaɗa guɗa har sai da muryarta ta fashe.

Iya Marka ta miƙe, ƙafafunta sun sage. Sai ta ji dami na motsi. Ta duba, ga wutsiya ta leƙo ta ƙasa. Ashe Kurege ya gaji da jiran turmi, ya haƙo rami ya kutsa tsakanin igiyoyi. Ta cafke wutsiyar ta fizgo shi. Igiyar dami mai toka ta zane shi a gefen dama, ta zane shi a gefen hagu.

Ya ce, "Iya, ƙwari nake duba miki!"

Ta ce, "Na ga babbansu."

Ya zille ya yi daji.

Da aka sussuke damin, bai isa gona goma sha biyu ba. Jatau ya ce, "A haɗa. Gona ɗaya, hannu duka." Suka zaɓi gonar da ta fi taki. Maza na sara da sungumi, mata na bi suna jefa ƙwaya uku uku suna takewa. Ƙasa a bushe take ƙamas. Iya Marka ta jefa ƙwayar ƙarshe, ta dubi ƙwarya wayam, ta ce, "Allah, ba saura."

Kwana ɗaya. Kwana biyu. Rana ta biyu da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso. Aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, Iya Marka ta tona ƙasa. Danshi ya wuce yatsa, ya wuce wuyan hannu, ya kai gwiwar hannu. Ta zauna cikin taɓo ta yi kuka.

Ba su ƙoshi ba shekarar nan, yara, kada in yi muku ƙarya. Sun ci tafasa har gero ya nuna. Amma ba gidan da ya tashi. Da kaka aka sa dami tara a rumbun iri. Iya Marka ta ɗauki ƙwaryar laka ta miƙa wa Ladingo, ta ce, "Hannun da ya hau tsani ya gama liƙe rumbu." Tsanin kuwa ta faskare shi da kanta, ta zuba tsinkayen gindin dinya. Shamuwa ta sauko ta kwashe su ɗaya ɗaya, ta ƙara wa sheƙa.

Shi ya sa har yau shamuwa ke sheƙa a tsakiyar gari, ko yaro mai ƙiriniya ba ya jifan ta. Shi ya sa manomi mai hankali ba ya zuba irinsa duka a ruwan farko. Shi ya sa balbela take fara fat, tana bin shanu tana neman farar da aka yi mata alkawari. Kuma in kun ga kurege ku dubi gefensa, farin zanen toka na nan, yana bin shuka yana tono bai daddara ba.

Laifin da aka faɗa ƙwai uku ya ci. Laifin da aka ɓoye ya kusa cinye gari.

Ƙurunƙus kan kurege! Ba don shamuwa na jina daga kan itace ba, da na ƙara muku da ƙarya.